Kyandir ɗin da Na Hure

Wata biyu na yi bayan rasuwar tsohuwar da nake kula da ita ban iya komawa gida kai tsaye ba. Idan na tashi daga aiki na hau titin Wendover, sai in ga na karkata zuwa unguwar Irving Park, in wuce ƙofar gidanta a hankali, in zagayo, in sake wucewa. Ba na tsayawa. Akwai wani kyandir a akwatin gaban motata, naɗe a leda, shi ne ya hana ni sakat.

Aikina kula da tsofaffi ne a gidajensu. Kamfani ke tura mu. In yi wa mutum wanka, in tuna masa da magani, in ɗumama abinci, in rubuta duk abin da ya faru a littafin rahoto da ake ajiyewa a kan firji. Karatuna bai yi nisa ba, amma rahoto na iya shi. A horon da aka ba mu abu biyu aka fi nanatawa: kada tsoho ya faɗi, kada wuta ta tashi. Abin da ka gani kuma ka rubuta, ko kana ganin ƙarami ne.

Ranar da shugabarmu ta ce wadda zan koma wurinta Bayahudiya ce, ban ji daɗi ba. A garinmu wannan kalma zagi ce, kuma har na baro Najeriya ban taɓa ganin ko mutum ɗaya daga cikinsu ba. Na je na tarar da wata 'yar ƙaramar mata, ta doshi casa'in, gashinta fari fat a taje, tana tura sandarta mai ƙafa huɗu kamar suna rigima. Ta dubi mayafina ta ce, "Kina cin alade?"

Na ce a'a.

"To, mun gama rabin magana. Kwanukan nama a dama, na madara a hagu, haka addininmu ya ce. Kika haɗa su, ni da ke ne."

Na ce, "To, Mama."

"Ni ba mamarki ba ce. Ɗa ɗaya na haifa, shi ma ya ishe ni."

Ban daina ce mata Mama ba, don bakina ba zai iya kiran sunan tsohuwa gatsal ba. Bayan mako guda ta gaji da gyara mini.

Ɗan nata ya kusa sittin, yana zuwa Laraba da Lahadi. Kafin ya tuɓe rigar sanyi yake buɗe littafin rahoto. Daga bakinsa na ji cewa a Poland aka haife ta, yaƙin Jamusawa ya same ta tana yarinya, aka kashe mahaifinta, wata matar manomi ta ɓoye ta, daga baya ita da mahaifiyarta suka tsira suka zo Amurka. Ya ce, "Ba ta son maganar. Kada ki tambaye ta." Ban tambaya ba.

A watana na biyu a gidan, lokacin da ganyen unguwar ya yi ja yana zuba, na shigo ƙarfe takwas na safe na ji ƙauri. A cikin kwamin wanke-wanke na kicin ga wani ɗan kofin gilashi, da farin kyandir a ciki, yana ci. Ya ci fiye da rabi. Rana ta fito, lantarki na nan, tsohuwa tana barci ita kaɗai a gida, ga tawul a rataye kusa. A inda na taso kyandir na ɗauke wuta ne. Wanda ya kunna shi alhali da lantarki, ya sa shi a wurin wanke kwano ya je ya kwanta, ai kansa ya fara juyewa. Ban tsaya tunani ba. Na sunkuya na hure shi. Na jefa kofin a shara, na ɗaure ledar na kai bakin titi, don ranar motar shara ke zuwa. Sannan na ɗauki biro na rubuta: na tarar da wuta tana ci babu kowa a wurin, da alama tun jiya, da alama ta manta.

Da ta tashi ta turo sandarta har kicin, ta leƙa kwamin. 

"Ina yake?"

Na ce na kashe, Mama, haɗari ne.

"Ƙarfe nawa?"

"Takwas."

Ta ɗaga yatsu tana ƙirgawa, leɓenta na motsi. Ta ce, "Saura awa goma." Ba ta ƙara yi mini magana ba ranar, abincinta ma sai ture shi ta yi.

Ran Laraba ɗanta ya karanta. Shi ya bayyana mini cewa irin wannan kyandir suna kunna wa mamaci ne ranar da ya cika shekara, daga faɗuwar rana zuwa wata faɗuwar, kuma ba a kashe shi, shi ke mutuwa da kansa. Na fara ba shi haƙuri. Amma ya ce in kwantar da hankalina, daidai na yi. "Mutum uku muke kunna wa, babana da kakannina biyu, kuma na san ranar kowannensu. Wannan makon ba na kowa ba ne. Ta fara rikita kwanaki." Ya bi gidan ya tattara ashana da sauran kyandirori ya zuba a jaka, ya ce zai kai ta likita a duba ƙwaƙwalwarta. Ya yi mini godiya. Tana zaune tana jin duk abin da yake faɗa, hannunta a kan sanda.

Daga nan ta kasa zama. Ta buɗe wannan durowa, ta rufe, ta buɗe waccan. Ta je ta tsaya a ƙofar ɗakin ƙasa, inda injin wanki yake, wanda ɗanta ya sa wa makulli tun da ta taɓa zamewa a matakalar. Ta riƙe hannun ƙofar ta yi ta tsayuwa. Ni kuma ina biye da ita kada ta faɗi, tana jin numfashina a ƙeyarta. Ta raɗa mini suna 'yar sanda.

"'Yar sanda, rubuta. Ƙarfe goma da kwata tsohuwa ta yi atishawa. Da alama ta manta dalili."

Mako uku muka yi a haka.

A watan ne mahaifiyata ta cika shekara da rasuwa. Na toya waina na raba wa maƙwabta a bene namu na titin Gate City, na ɗebi biyar na tafi da su aiki. Tsohuwar ta ɗaga ɗaya ta shinshina.

"Babu nama?"

"Shinkafa ce da mai."

Ta sa na ɗora mata a takarda, ba a kwanonta ba. Ta ci ɗaya, ta ci rabin ta biyu. Ta ce, "Bikin me kuke yi?"

Na ce ba biki ba ne, sadaka ce, mahaifiyata ce ta cika shekara.

"Kin je kabarinta?"

Na ce ban taɓa ganinsa ba. Na gaya mata cewa ranar da ta rasu ina gidan wani tsoho ina canza masa zanin gado, wayata a jaka, kafin in duba saƙo har an dawo daga maƙabarta. Ko na je yanzu babu suna a kai, sai dai yayana ya nuna wurin, idan bai ɓace masa ba. Ban yi niyyar faɗa mata duk wannan ba.

Ta share yatsunta ɗaya bayan ɗaya. Ta ce, "Rufe littafin nan ki mayar da shi kan firji. Zauna."

Ta ce su biyu ne. Tana da shekara bakwai, ƙanwarta huɗu. Bayan an tafi da mahaifinsu, lokacin tonon dankali, mahaifiyarsu ta kai su wurin matar manomin nan, wadda ta saba sayen zare a hannunta. Matar ta ce wurin da take da shi, a saman ɗakin shanu bayan ciyawa, na mutum ɗaya ne, kuma sojoji na zuwa karɓar madara da ƙwai, suna tsayawa daidai ƙarƙashinsa. Sai ta dubi yaran ta ce, wace ce a cikinku ta iya yin shiru?

"Ƙanwata tana tari a lokacin. Ko ba tari, ba ta rufe baki, har wajen cin abinci waƙa take yi. Na ɗaga hannu kamar a aji. Na ce ni."

Mahaifiyar ta ɗauki ƙaramar ta tafi da ita wani ƙauye, ta bar ta a wani gida. Mahaifiyar kuma aka kama ta a hanya aka kai ta sansanin fursunonin Jamusawa. Bayan fiye da shekara biyu ta dawo, babu haƙori ko ɗaya a gaba, ta sauko da babbar daga saman ɗakin shanu, ƙafafunta sun manta tafiya. Suka je wancan gidan suka tarar da wasu mutane dabam a ciki, babu wanda ya san wata yarinya. Suka bi gidajen marayu, suka bi majami'u, har takalman mahaifiyar suka ƙare. A jirgin ruwa ta ce wa 'yarta maganar ta tsaya a bayansu, ba za a sake ta da ita ba. Tunda ba su san ranar mutuwa ba, ba su ma san ko an mutu ba, sai suka riƙe ranar rabuwa, kwana uku bayan bikinsu na kaka da suke kafa rumfa a tsakar gida. Mahaifiyar ta yi ta kunnawa har ta rasu. Ita tsohuwar kuma ta ci gaba, a ɗakin ƙasa, bayan injin wanki, inda babu mai leƙawa. Bana ne ƙofar ta rufu mata, ta ga babu inda ya fi kwamin wanke-wanke aminci.

Na ce, "Me ya hana ki gaya wa ɗanki?"

"In ce masa me? Ya cika wa 'ya'yansa kunne da labarin jarumar uwarsa da ta yi shekara biyu ba ta yi tari ba. In gaya masa yadda na samu wurin?"

"Mama, shekararki bakwai fa."

"Kowa ya iya wannan lissafin. Ni ma na iya. Bai taɓa sa ni barci ba."

Sai ta faɗi sunan yarinyar. Ta sa na maimaita, na karkace shi, ta yi dariya har da tari, ta sa na sake har sau biyar. Ta ce ya yi kusa. Ta ce, "Wannan kada ya shiga littafinki."

Na roƙe ta gafara.

"Ban yafe ba tukuna. Baɗi ke za ki ƙyasta ashanar, ki miƙo mini, ki zauna ki yi gadinsa, tunda ke ce 'yar kwana-kwana."

Na ce, "Allah ya kai mu."

"Wannan e ne ko a'a?"

"A wurinmu ita ce amsar."

Ta ce, "Wayo."

Ban ce e ba saboda abu biyu. Na sa hannu a takardar kamfani a kan maganar wuta, kuma ban san matsayin abin a addinina ba. Na tambayi mijina a dunƙule, ya ce ba ruwana, in bar mutane da addininsu in riƙe aikina. Na tambayi wata Hajiya 'yar Nijar da nake sayen daddawa a shagonta, ita ma ban ba ta labarin duka ba. Ta ɗaure mini leda ta ce da ɗan Faransancinta, "Bon, ke ba bauta za ki yi ba, ɓarna kika yi za ki gyara. Amma ni ba malama ba ce, kada ki je ki ce ni na ce." Na ce a raina da sauran lokaci, shekara guda ce a gaba.

Ba mu kai ba. Da zafi, saura wata biyu, ciwon huhu ya kwantar da ita kwana uku a asibiti, ta rasu da safe. Washegari aka binne ta. Mata suka yi mata wanka, aka sa ta a farin ƙyalle, babu ado, kusan irin namu. Suka yi zaman makoki kwana bakwai a gidanta, a kan gajerun kujeru, madubai a rufe da zane. Sau biyu na je da niyyar magana. A zuwa na biyu na tarar ɗanta yana ba baƙi labarin yarinyar da ta yi shekara biyu ba ta yi tari ba. Na riƙe kofin shayi har ya huce, na ajiye, na tafi.

Kyandir na ƙarshe da ta kunna a duniya ni na hure shi. Wannan ne ya riƙa tashe ni tsaye ina cikin cin abinci. Na je wani babban kanti a Wendover, na yi ta yawo har na ga layin abincin Yahudawa, ga kofunan a jere a ƙasa. Na sayi ɗaya da kwalin ashana. Daga nan na rasa yadda zan yi da shi. In kunna a kicin ɗina? Ba wutata ba ce, yarinyar ba jinina ba ce, sunanta ma kusa kawai nake kaiwa. In gaya wa ɗanta? Ta riƙe maganar shekara tamanin, ta ba ni a kan amana. Na yi ta gaya wa kaina cewa littafi kawai ta hana ni, amma na san abin da take nufi. In yi shiru kuma, sunan ya ƙare a bakin wata Bahaushiya, ɗanta ya zauna da cewa uwarsa ta ruɗe a ƙarshe, kuma da hannuna na rubuta masa haka. Na yi sallar neman zaɓi. Na ci gaba da zagaya gidan.

Na duba a waya ranar da bikin rumfar zai ƙare, na ƙirga uku. Ranar bayan la'asar na je. An kafa allon sayar da gidan a kan ciyawa, motar ɗan tana nan, ƙofa a buɗe. Na wuce sau ɗaya. A na biyu na tsaya.

Yana falo cikin kwalaye, hannun rigarsa a naɗe. Ya yi murnar ganina, ya ce ko akwai abin da nake so in ɗauka na tunawa.

Na ce, "Yallaɓai, gyaran rahoto na zo yi. Wanda na rubuta bara a kan kyandir ba daidai ba ne. Ba ta manta komai ba."

Na faɗa masa a tsaye, yadda ta faɗa mini, ban rage maganar ɗaga hannun ba. Na yi tunanin ragewa. Amma idan na rage, labarin wata ne ba nata ba.

Ya ce, "Mahaifiyata ba ta da ƙanwa."



Ya zauna a kan kwali. Fuskarsa ta yi ja. "Shekara sittin ina gabanta. Ke ta gaya wa? Ke?"

Na ce ina ganin don ni ba kowa ba ce. Na ce kuma ba ta ba ni izini ba, laifin wannan a kaina yake.

 Sai ya miƙe ya nufi ƙofar baya, na bi shi. A bakin ƙofar akwai kwali biyu da ya ware na zubarwa. Ya buɗe ɗaya. Ƙananan kofunan gilashi ne, an cusa wani cikin wani, kowanne da baƙin hayaƙi a baki, ba a taɓa wanke su ba. Ya ce makon jiya ya same su a kan wata kanta bayan injin wanki. Ya ɗauka halin waɗanda suka ga yaƙi ne, ba sa zubar da komai. Ya ɗauki ɗaya ya goga hayaƙin da babban yatsa, ya tsaya yana kallon yatsan.

Rana ta kusa faɗuwa. Na ciro kyandir ɗin daga leda na miƙa masa. Ya juya shi a hannu, ya dubi durowoyin kicin da suka zama wayam, ya ce, "Babu ashana a gidan nan. Ni na kwashe."

Na ce na zo da ita.

"A ina take sawa?"

Na nuna masa kwamin. Ya ajiye kofin a tsakiya, ya ture tawul gefe. Na ƙyasta, ta farko ta mutu. Na ƙyasta ta biyu na miƙa masa, ya kai ta kan lagwanin.

Ya ce, "Yaya sunanta?"

Na faɗa yadda aka koya mini. Ya maimaita, sau ɗaya, ya fito daga bakinsa daidai yadda tsohuwar ke faɗa, da wannan sautin na maƙogwaro da ban taɓa iyawa ba.

Na ce masa ba a barin wuta a gida babu kowa. Ya dube ni, kamar zai yi dariya, bai yi ba. Ya jawo kwali kusa da kwamin ya zauna. Ya ce in tafi, yana nan.

Bai yi mini godiya ba, kuma har yau bai kira ni ba. Ban sani ba ko ya yafe, ban sani ba ko ita za ta yafe. Na yi sallar magariba a cikin mota a bakin titinsu. Washegari da na tashi aiki na sake bi ta gidan, wajen ƙarfe biyar. Motarsa tana inda take jiya, ganye ya zuba a kanta, kwalaye biyun nan kuma ba sa bakin ƙofa, an shigar da su ciki. Ban rage gudu ba. Na hau Wendover na tafi gida.